Hoton Eksire, Ƙwayar Gama Ko Awon Sauti: Da Wanne Za Ka Duba Waldar Tankinka?

Takardu uku wani Alhaji ya ajiye mini a kan tabarma bayan la'asar, a ƙofar gidansa da ke unguwar Zariya a Maraɗi. Tankin gazuwal yake ginawa a hanyar Ɗan Isa, mai cin lita wajen miliyan ɗaya, kuma kamfanoni uku sun aiko masa da farashin duba waldar. Na farko ya ce da injin eksire zai zo. Na biyu ya ce ƙwayar gama, wadda ita ma hoto ake ɗauka da haskenta mai ratsa ƙarfe. Na uku ya ce shi ba ya ɗaukar hoto sam, da sauti yake awo. Shi kuma ɗan kwangilar da ke ginin ya raɗa masa cewa duk ɓarnar kuɗi ce, a cika tankin da ruwa, in bai ɗiga ba magana ta ƙare.

"Malam, ni fa ɗan kasuwa ne," in ji shi. "Da buhun wake ne, na san inda zan soka masa ƙarfe in ga abin da ke ciki. Wannan kuwa ban san ta inda zan kama ba."

Na ce, "Alhaji, ai ka riga ka kama. Hoton walda ma sukar buhu ne. Ba duka ake dubawa ba, wuri-wuri ake zaɓa. Abin lura shi ne wa ke zaɓar wurin, yaushe, kuma da wane irin ƙarfe ake sukar."

Abin da na shimfiɗa masa ranar shi ne na kawo nan, don masu gidajen mai, masu matsar man gyaɗa da masu gina ma'ajiyar ruwa duk sukan tsinci kansu a wannan mararraba.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, kuma shi ke yanke rabin hukunci, kaurin farantin ƙarfen da ƙa'idar da aka rubuta a kwangila. Na biyu, irin aibin da ake tsoro. Walda takan ɓoye ramukan iska, da kashin walda irin kashin maƙera da ya maƙale a tsakiya, da wurin da narkakken ƙarfe bai ratsa har ciki ba, da wurin da bai kama gefen faranti ba, sai kuma tsagewa, wadda ita ce uwar matsala. Na uku kuɗi. Na huɗu sauƙin aiki a nan inda muke, da zafinmu da ƙurarmu da ɗaukewar wuta. Na biyar haɗari ga mutane. Na ƙarshe dorewa, wato shaidar da za ta rage a hannunka bayan shekara goma idan mai inshora ko banki ko mai saye ya ce a nuna masa.

A kan kuɗi, kada a ruɗe ka da farashin fim ɗaya. Masu wannan aiki daga nesa suke zuwa, Yamai ko ƙetare, don haka abin da ke cin kuɗi shi ne jigila, kwanakin ma'aikata, takardun izini, da kuɗin dawowa idan an yi gyara. Ka sa kowane kamfani ya rarraba maka farashinsa gida-gida a kan waɗannan. Sau da yawa wanda ya fi araha a saman takarda shi ya fi tsada a ƙasanta.

Abin da ƙa'ida ta ce, kafin a zo ga zaɓi

Tankin tsaye mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake haɗawa a fili galibi da API 650 ake gina shi, ƙa'idar cibiyar man fetur ta Amurka. Injiniyoyin da suka yi karatu ta ɓangaren Faransa sukan kawo CODRES, ko EN 14015 ta Turai. Lissafinsu ya ɗan bambanta, shi ya sa dole kwangila ta ambaci guda ɗaya da sunanta. Zan bi API 650.

Jikin tanki zobba ne, ɗaya bisa ɗaya. Akwai ɗinkin tsaye da ke haɗa farantan zobe ɗaya, akwai ɗinkin kwance da ke haɗa zobe da zobe. Nauyin mai yana neman buɗe tankin ne ta gefe, saboda haka ɗinkin tsaye shi ke ɗauke da kaya, musamman a zoben ƙasa. Ƙa'idar ta kasa shi uku:

Idan farantin bai wuce milimita 10 ba, ana ɗaukar hoto ɗaya a cikin mita 3 na farko da kowane mai walda ya ɗinka, sannan ɗaya a kowace mita 30. Aƙalla kashi 25 cikin 100 na wuraren da aka zaɓa su kasance a mahaɗar tsaye da kwance. Ban da wannan, kowane ɗinkin tsaye na zoben ƙasa sai an yi masa hoto ɗaya.

Idan ya wuce milimita 10 har zuwa 25, ana yin duk na sama, a ƙara da hoton kowace mahaɗa, kuma ɗinkin tsaye na zoben ƙasa hoto biyu-biyu, ɗaya dab da gindi.

Idan ya haura milimita 25, babu sauran zaɓe. Ɗinkin tsaye duka, daga ƙasa har sama.

Ɗinkin kwance ya fi sauƙi: ɗaya a mita 3 na farko, sannan ɗaya a kowace mita 60. Kowane hoto kuma ya nuna aƙalla milimita 150 na walda.

Na zauna na yi wa Alhaji lissafin nasa a bayan ɗaya daga cikin takardun. Faɗin tankin mita 12, tsayi mita 9, zobe biyar, kowane zobe faranti bakwai. Ɗinkin tsaye ya kama mita 63, na kwance wajen mita 151. Da yake farantansa ba su kai milimita 10 ba, hotunan da ake bukata ba su wuce goma sha biyar ba, ko da ɗan ƙari idan masu walda sun yi yawa. Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ɗauka ɗaruruwa ne. Amma da a ce zobban duka sun haura milimita 10, mahaɗu kaɗai 56 ne. Ka ga yadda milimita ɗaya ko biyu ke juya lissafi.

Idan hoto ya nuna aibi, ba a tsaya nan ba. Ana ƙara hoto biyu, ɗaya kowane gefe. In ɗayansu ya faɗi, a ci gaba har a ga iyakar ɓarnar, ko kuma a ƙwaƙule duk abin da mai waldar ya yi a wannan ɗinki a sake. Ka tabbata kwangila ta ce ɗan kwangila ne ke biyan waɗannan ƙarin hotuna.

Zaɓi na ɗaya: injin eksire da fim

Shi ne ɗan'uwan wanda ake yi mana a asibiti, wanda muke kira radiyo, sai dai ya fi ƙarfi nesa. Ana manna fim a bayan walda, a harba haske ta gaba, a wanke fim a ɗaki mai duhu. A kan faranti mai milimita 6 zuwa 12, wato irin tankunan da aka fi ginawa a Maraɗi da kewaye, babu wanda ya kai shi fitar da hoto tas. Ramukan iska da kashin walda da rashin ratsawa duk suna fitowa ƙuru-ƙuru, har wanda bai iya karatun fim ba in an nuna masa zai gani. Rauninsa, kamar kowane hoto, shi ne siririyar tsaga da ta kwanta a karkace. In hasken bai bi ta tsawonta ba, tana iya ɓuya.

Wahalarsa nauyi ne da wuta. Injin yana da nauyi, ɗaga shi zuwa zobe na huɗu sai da igiya da majiya ƙarfi. Yana son wuta tsayayya, don haka sai da janareta mai kyau. A watan Afrilu da Mayu yakan yi zafi ya bukaci hutu tsakanin harbi da harbi. Ruwan wanke fim kuma a kusan digiri 20 yake aiki daidai. Na taɓa ganin ana aika yaro kasuwa sayen ƙanƙara don a sanyaya shi. Dariya ta kama ni, amma gaskiyarsu ce, ruwa mai ɗumi yana ɓata fim.

Ta fuskar haɗari yana da wata falala babba: da zarar an kashe shi, ya mutu. Ko ɓarawo ya sace shi, ƙarfe ya sata. Kuɗinsa matsakaici ne. Fim ɗin da aka wanke da kyau aka ajiye a wuri mai sanyi marar laima yana shekaru masu yawa, kuma API 650 ta ce bayan gama aiki fina-finan mallakar mai tanki ne, sai in an yi wata yarjejeniya dabam. Ka karɓe su, kada ka bar su a hannun kowa.

Zaɓi na biyu: ƙwayar gama

Nan zan ɗan daɗe, don shi ne aka fi tallata wa mutane, kuma shi ne aka fi kuskure a kansa.

Ƙwaya ce ƴar ƙarama, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, galibi ta iridiyom 192, tana zaune cikin wata tukunya mai nauyi da ke tare haskenta. Ana murɗa waya daga nesa ta fito ta bi tiyo zuwa bakin walda, in lokaci ya cika a janye ta. Ba ta bukatar wuta, mutum ɗaya yana iya hawa da ita, tana shiga lungun da injin eksire ba ya shiga. Wannan sauƙi shi ya sa kamfanoni ke son ta, kuma sau da yawa farashinta kan zo ƙasa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Hasken iridiyom ya yi wa siririn faranti ƙarfi, yana ratsa shi kamar ba komai, sai hoton ya fito dishi-dishi, bambancin lafiyayyen wuri da mai aibi ya ragu. Ƙa'idar ISO 17636 ta sa wa iridiyom 192 kauri daga milimita 20 zuwa sama, sai da yardar ɓangarorin biyu ake saukowa zuwa 10. Seleniyom 75 ita ce ta dace da ƙarfe mai matsakaicin kauri, daga milimita 10 zuwa 40, da yarjejeniya har ƙasa da haka. Saboda haka idan aka kawo maka iridiyom a kan farantin milimita 6 ko 8, ka san an zaɓi sauƙin mai aiki ne, ba ingancin hotonka ba. Hanyar kama wannan tana nan a kan fim ɗin kansa. Akwai wasu siraran wayoyi a jere da ake ɗorawa a kan walda kafin harbi. Ƙa'ida ta faɗi wace waya ce dole a gani. In ba ta fito ba, fim ɗin banza ne ko da waldar ta yi kyau a ido.

Sannan ƙwayar tana tsufa. Ƙarfin iridiyom 192 yana raguwa da rabi duk kwana 74, na seleniyom 75 duk kwana 120 ko kusa da haka. Ƙwayar da ta yi wata biyar saura rubu'in ƙarfinta, harbin minti biyu ya koma takwas. Idan da kwana kake biya, ka tambayi takardar da ke nuna ranar da aka auna ta.

Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne, domin ita ba a kashe ta. A 1984 a Mohammediya ta ƙasar Maroko, wata ƙwayar iridiyom ta sulluɓe daga kayan aiki, wani lebura ya tsince ta ya kai gida, mutum takwas suka rasu. A 1999 a Yanango ta ƙasar Peru, wani mai walda ya tsinci irinta ya sa a aljihun wando, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. Ba ta da wari, ba a jin komai lokacin da take ɓarna. Ka tuna yadda filin aiki yake a garinmu: almajirai na wucewa, mai shayi ya kafa tebur a jikin katanga, maigadi na kwance a inuwar tankin, yara na tsintar guntayen ƙarfe. Dole a yi harbi da dare, a zagaye wurin da igiya da fitilu, a sa masu tsaro, kuma bayan kowane harbi a auna da na'ura a tabbatar ƙwayar ta koma tukunyarta. Iyakar da duniya ta amince da ita ga ma'aikacin wannan fanni milisibat 20 ce a shekara (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), ga sauran jama'a kuwa 1 tak.

Akwai kuma takardu. A Nijar hukumar ARSN ce ke ba da izinin riƙe irin wannan kaya da yawo da shi. Idan daga Kano ko Fatakwal za a kawo, sai an haɗa da izinin hukumar NNRA ta Najeriya kafin a tsallako ta Jibiya. Wanda ya ce maka zai shigo da ita a but ɗin mota ba tare da wannan ba, ka sallame shi tun daga waya.

Inda ta yi fice shi ne kan faranti mai kauri, milimita 20 zuwa sama, a wurin da babu gidaje kusa kuma babu wuta.

Zaɓi na uku: hoton dijital

Haske ɗaya ne, eksire ko gama, abin da ke karɓar hoton ne ya canja. Maimakon fim, ana sa wani faifai da ake karantawa da na'ura a goge a sake amfani da shi, ko allo da ke tura hoto kai tsaye zuwa kwamfuta. Babu ɗaki mai duhu, babu ruwan wanki, babu ƙanƙara. Lokacin harbi yakan ragu, sakamako ya fito nan take, ana iya tura shi ta intanet wani gwani a wata ƙasa ya duba. Kayan suna da tsada, ƙurar hunturu tana karce faifan, allon kuma in ya faɗo daga zobe na uku an yi asara. Haɗarin haske yana nan yadda yake. In ka zaɓe shi, ka karɓi ainihin fayilolin, ba hoton da aka ɗauka daga fuskar kwamfuta aka turo ta WhatsApp ba, kuma ka ajiye su wuri biyu.

Zaɓi na huɗu: awon sauti

Dangin eko ne da ake yi wa masu juna biyu. Ana tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe, in ya ci karo da aibi ya dawo. API 650 ta yarda a yi shi a madadin hoto, a wani rataye nata mai harafin U, amma da sharaɗi: mai tanki ya amince, farantin ya kai kaurin da aka gindaya, kuma na'urar ta kasance mai tafiya a kan layi tana adana duk abin da ta gani a kwamfuta. A takardun farashi za ka ga an rubuta PAUT ko TOFD. Mutumin da ya zo da ƙaramar na'urar hannu yana goga ta a jikin walda yana cewa "lafiya lau", ba tare da wani abu da aka adana ba, wannan bai maye gurbin hoto ba.

Ƙarfinsa yana daidai inda hoto ke da rauni. Tsagewa da rashin kama gefe, waɗanda su ne ke fasa tanki, ya fi hoto gano su, har ya faɗi zurfinsu, mai gyara ya san ta wane gefe zai ƙwaƙula. Babu haske mai cutarwa, don haka ana aiki da rana tsaka masu walda na gefe suna nasu. A cikin gari, ko a ma'ajiyar da ke aiki da wasu tankuna cike da fetur, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda yake gaza: a siririn faranti sautin yakan cakuɗe, karatunsa ya yi wuya. Yana son a goge gefen walda sumul. Ƙarfen da ya sha ranar Maraɗi yana busar da man da ake shafawa, kuma ƙa'ida ta ce kada zafin tankin da na ƙarfen gwajin da aka saita na'urar a kai su bambanta da fiye da digiri 14, shi ya sa da sassafe ya fi. Uwa uba, komai ya rataya a wuyan mai karatu. Fim kowa na iya ɗagawa ya hanga, amma zanen sauti sai gwani. Ka nemi takardar shaidarsa, mataki na biyu aƙalla, ta ISO 9712 irin wadda COFREND ta Faransa ke bayarwa ko ta tsarin ASNT na Amurka, kuma ta wannan fanni takamaimai. Kuɗin zuwansa ya fi na saura, amma a babban tanki mai kauri, inda ake bukatar duba ɗinki duka, saurinsa yakan rama.

Zaɓi na biyar: a bar hoton

Maganar ɗan kwangilar Alhaji ba ƙarya ce zalla ba. A ratayen ƙananan tankuna na API 650, waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 13 ba, an yarda a bar hoto in mai tanki ya amince, sai dai a lissafi a ɗauki ƙarfin waldar a matsayin 0.70 na ƙarfin faranti maimakon 0.85. Ma'ana ka biya da ƙarfe abin da ka ƙi biya da hoto, ƙarin wajen kashi 21 cikin 100 na kaurin da lissafi ya bayar. A tankin Alhaji, zoben ƙasa yana fitowa milimita 4.2 da hoto, 5.0 babu hoto, kafin a ƙara kaurin da ake bar wa tsatsa. Da yake ƙa'ida ba ta yarda zoben ƙasan tanki irin wannan ya gaza milimita 6 ba, bambancin kusan ya narke.

To me ya sa ban ba shi wannan shawara ba? Saboda mai walda mutum ne. Wanda ya san za a ɗauki hoton aikinsa yakan gasa sandar walda ta bushe, ya goge tsakanin zubi da zubi, ya kafa kariya in iska ta taso. Wanda ya san fenti ne kawai zai biyo baya, sai abin da Allah Ya yi. Cika tanki da ruwa na awa 24 dole ne ko da hoto ko babu, amma abin da yake nunawa shi ne yau bai fashe ba. Tsagar da ke kwance a tsakiyar ƙarfe ba ta ɗiga. A ranar 2 ga Janairun 1988, a Floreffe ta jihar Fensilbeniya a Amurka, wani tsohon tanki da aka kwance daga wani gari aka sake haɗawa ya tsage lokacin da ake cika shi, gazuwal fiye da lita miliyan 14 ya malale, wani kaso ya shiga kogin Monongahela. Bincike ya gano tsohon aibi a gefen wata walda. Bayan wannan ne aka fitar da API 653 a 1991, ƙa'idar duba tsofaffin tankuna da gyaransu.

| Hanya | Kaurin da ta fi dacewa | Kuɗi | Sauƙi a nan | Haɗari | Shaidar da ke ragewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Eksire da fim | siriri zuwa matsakaici | matsakaici | nauyi, janareta, sanyin wanki | yana nan, amma ana kashewa | fim |
| Gama, iridiyom | milimita 20 zuwa sama | ƙasa zuwa matsakaici | babu wuta, izini mai yawa | mafi girma | fim |
| Gama, seleniyom | milimita 10 zuwa 40 | ya ɗara iridiyom | kamar na sama | babba | fim |
| Dijital | ya danganta da hasken | sama | sauri, tsoron ƙura | na hasken da aka yi amfani da shi | fayil |
| Awon sauti mai adanawa | matsakaici zuwa mai kauri | sama, yana sauka a babban aiki | aikin rana, sai gwani | babu haske | fayil |
| Babu hoto | bai wuce milimita 13 ba | ƙarin ƙarfe | mafi sauƙi | aibi a ɓoye | babu |

Biyu da ba sa cikin takardar farashi

Duk waɗannan hotuna na jikin tanki ne. Ƙa'ida ba ta neman hoton waldar shimfiɗar gindi, ko ta rufi, ko kusurwar da jiki ya haɗu da gindi, alhali yoyon da ke cinye riba a ɓoye galibi ta ƙasa yake bi. Gindi da akwatin zuƙe iska ake duba shi: a shafa ruwan sabulu, a kifa akwati mai gilashi, a zuƙe iska, in akwai huda kumfa ta tashi. Kusurwar kuma ana iya zuba mata gazuwal ta gefe ɗaya a bar shi aƙalla awa huɗu a ga ko zai ɓullo ta ɗaya gefen. Aiki ne mai araha, kuma shi aka fi tsallakewa.

Na biyun lokaci ne. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda, don a rage kuɗin jigila, aka bari sai da tanki ya kai rufi sannan aka kira masu hoto. Daren farko fim uku suka nuna baƙin layi miƙaƙƙe a tsakiyar ɗinki, alamar ƙarfe bai ratsa ba, kuma duka aikin mutum ɗaya ne. Ya yi mako shida yana maimaita kuskure guda. An riga an sauke ƙarafan hawa, sai da aka sake kafa su, aka kwashe mako biyu ana ƙwaƙula. Da an ɗauki hoton mita 3 na farko a lokacinsa, da gyaran yini ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuwa biyu, ɗaya bayan zoben ƙasa ɗaya a ƙarshe, ya fi zuwa ɗaya araha. Kuma kai ko injiniyanka ne za ku nuna wurin da za a harba, da alli, a rubuta lambar wurin da ta mai waldar a taswirar tanki, lambobin dalma su fito a kan fim. In ba haka ba, ana iya ɗaukar kyakkyawar walda guda sau goma a ba ta suna goma.

Wa ya dace da wanne

Mai tankin mai irin na Alhaji, faranti milimita 6 zuwa 10, a gefen gari: injin eksire, da fim ko dijital, zuwa biyu. Shi na ce ya ɗauka. In babu mai eksire sai gama, to seleniyom, kuma a ga wayoyin a kan fim.

Mai babban tanki da zoben ƙasansa ya haura milimita 20 ko 25, ko mai ƙara tanki a ma'ajiyar da ke aiki, ko wanda gidaje suka kewaye filinsa: awon sauti mai adanawa, da gwani mai takarda. Idan filin daji ne kuma akwai izini cikakke, iridiyom ma ta isa.

Mai tankin ruwa na lambu, ko ƙaramin tankin man gyaɗa da zubewarsa asara ce amma ba gobara ba: yana iya barin hoto, ya ƙara kauri, ya gwada masu waldarsa kafin su fara, ya yi gwajin gindi da na ruwa ba ha'inci.

Mai gidan mai da zai binne tankin kwance a ƙasa: wannan a masana'anta ake ƙera shi, ƙa'idarsa dabam ce, EN 12285 ko UL 58, kuma abin da za ka nema shi ne takardar gwajin matsi daga maƙeran, da ingancin rufin da ke hana tsatsa.

Mai sayen tsohon tanki da aka yanka za a sake haɗawa: API 653 ce taka, ba 650 ba. Ka fara da auna kaurin da ya rage a kowane faranti, sannan hoto a kan sababbin ɗinki da mahaɗar sabo da tsoho, kuma kada digon mai ya shiga sai an cika shi da ruwa har wuya.